Babi na Biyar: Farautar Tubalan Daidaito

"Wai har yanzu akwai abin da ya rage ba a gano ba a lissafi?" Duk malamin lissafin da ya taɓa zama a majalisa ya sha wannan tambaya. Mai binciken magani ana ganinsa da kwalabe da allurai. Mai binciken noma, idan ka bi ta Samaru a Zariya, ga gonakin gwajinsa nan a bakin hanya. Shi kuwa mai lissafi daga alli sai allo, kuma biyu da biyu huɗu ne tun zamanin kakannin kakanni. To me yake nema?

Wannan babi zai amsa tambayar da labarin reshe guda na lissafi, wanda masana ke kira ilimin rukuni. A cikinsa ne aka yi wata farauta da ta ci shekara kusan 50, mutum wajen 100 suka shiga cikinta, kuma rubuce hujjarta ya haura shafi 10,000. Amma kafin mu je wurin mafarauta, sai mu fara da abin da ke gida.

Hatimi guda, fuska takwas

Almajiran da suka yi nisa a karatun allo sun san hatimi mai gida tara. Ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 a cikinsa, ta yadda duk layin da ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 zai ba ka:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Irin wannan ilimi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, malamin nan Bakatsine, ya yi rubutu a kansa a 1732, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yanzu rubuta hatimin a takarda, ka juya shi kwata guda zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Layin sama zai koma 8 3 4, na tsakiya 1 5 9, na ƙasa 6 7 2. Tara su ka gani, 15 na nan. Ka sake juyawa, tana nan. Ka musanya layin da ke tsaye a dama da wanda ke tsaye a hagu, kamar yadda madubi ke yi, nan ma ba ta gushe ba. In ka bi duk hanyoyin da za a iya motsa hatimin ya faɗa daidai cikin gurbinsa, takwas za ka samu: juyi huɗu, har da barinsa yadda yake, sai kifawa huɗu. Kuma duk duniya babu wani hatimi mai gida tara na lambobi 1 zuwa 9 da ya wuce waɗannan takwas. Hatimin ɗaya ne, fuskokinsa ne takwas.

A nan mai ilimin rukuni ke ɗauke ido daga lambobin, ya zuba shi a kan motsin. Motsin nan takwas su ne dukiyarsa. Su ɗin ne dai za ka tarar a tayil mai kusurwa huɗu, da ɗankwalin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya. Abin da ake juyawa yana sauyawa, tsarin juyin kuwa yana nan yadda yake. Wannan tsari shi ake kira rukuni, kuma da shi ake auna daidaiton siffar kowane abu.

Dokoki huɗu kacal

Ba kowane tarin motsi ne rukuni ba. Sai ya cika sharaɗi huɗu.

Na farko, in ka yi motsi biyu a jere, abin da suka haifar dole ya zama ɗan gida. Juyin kwata sau biyu juyin rabi ne, shi ma yana cikin takwas ɗin. Na biyu, dole a sami motsin da ba ya taɓa komai, wato a bar abu yadda yake. Na uku, kowane motsi yana da mai warware shi: in ka juya dama, juyin hagu zai mai da kai inda ka fito. Na huɗu, in motsi uku ne a jere, ko ka fara haɗa biyun farko ko ka fara haɗa biyun ƙarshe, wuri ɗaya za ka sauka, muddin ba ka sauya jerin ba. Arthur Cayley na Ingila ne ya fara bayyana rukuni a wannan siga ta gaba ɗaya a 1854.

Lura da abin da dokokin suka yi shiru a kansa: ba su ce wanda ya riga da wanda ya biyo baya duk ɗaya ne ba. Koma kan hatimin. Juya shi kwata zuwa dama sannan ka musanya dama da hagu, layin sama zai zama 4 3 8. Mai da shi yadda yake tun farko, ka fara musanyawa sannan ka juya, layin sama zai zama 6 7 2. Motsi iri ɗaya, jeri daban, masauki daban. A tarawar da muka saba, 3 da 5 daidai yake da 5 da 3, amma a nan abin ba haka yake ba, kuma daga wannan ɗan bambanci ne yawancin wahalar ilimin ta taso.

Akwai rukunan da ba ruwansu da jeri. Kwanakin mako misali ne: in yau Laraba ce, bayan kwana 10 Asabar za ta kama, domin bakwai sun zagayo sun koma Laraba, saura uku. Rukuni ne mai motsi 7. Fuskar agogo rukuni ce mai motsi 12. Akwai kuma manya. Akwatin wasan nan mai launi shida da Ernő Rubik na ƙasar Hangari ya ƙirƙira a 1974, yanayin da zai iya shiga ya kai 43,252,003,274,489,856,000, kuma a 2010 aka tabbatar cewa duk yadda aka hargitsa shi, juyi 20 sun isa a gyara shi.

Saurayin da ya rubuta wasiƙa da dare

Ba don ado aka fara wannan ilimi ba. Wata tsohuwar mas'alar aljabara ce ta haife shi.

A ce gona tsawonta ya fi faɗinta da taki 3, girmanta duka kuma 40. Nawa ne faɗin? Amsa 5, tsawo 8. Irin wannan ana ce mata mas'ala mai mataki biyu, saboda lambar da ake nema an ninka ta da kanta. Al-Khwarizmi ya tsara hanyar warware ta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma daga sunan littafinsa kalmar aljabara ta fito. Hanyar ba ta buƙatar komai sai tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, da cire saiwa, wato gano cewa 5 ce ta ninka kanta ta ba da 25. A 1545 Cardano na Italiya ya wallafa dabarar mataki uku da ta mataki huɗu. Kowa ya zaci ta biyar na tafe. Aka shekara kusan 280 ana nema, shiru. A 1824 Niels Henrik Abel, wani matashi ɗan ƙasar Nowe, ya kawo hujjar cewa dabara guda da za ta warware duk mas'ala mai mataki biyar da waɗancan kayan aiki babu ita sam.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa huɗu ta yiwu, biyar ta ƙi? Wanda ya amsa shi ne Évariste Galois, Bafaranshe, haihuwar 1811. Sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga babbar makarantar École Polytechnique. Rubutun da ya aika wa majalisar masana kimiyya ta Faransa, ɗaya ya ɓace bayan rasuwar Fourier wanda ke riƙe da shi a 1830, wani kuma Poisson ya dawo da shi a 1831 yana cewa bayanin bai fito sarai ba. Siyasa ta kai shi kurkuku. Ranar 30 ga Mayu 1832 aka harbe shi a ciki a wani fito-na-fito da bindiga, washegari ya cika yana da shekara 20. A daren da ya gabaci harbin ya zauna ya rubuta wa abokinsa Auguste Chevalier doguwar wasiƙa, ya taƙaita abin da ya gano. Sai a 1846 Joseph Liouville ya wallafa ayyukansa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a wannan karon manyan ne suka shekara 14 kafin su hau rimin.

Ga abin da ya hango. Mas'ala mai mataki biyar amsoshi biyar gare ta. Ka ɗauke su kamar baƙi biyar a kan benci: hanyoyin jera su 120 ne. Baƙi huɗu 24, uku 6, biyu 2. Sauya musu wurin zama motsi ne, kuma motsin rukuni ne. Galois ya nuna cewa mas'ala tana warwaruwa da cire saiwa ne kawai idan rukuninta zai ɓantaru zuwa ƙananan zagaye irin na kwanakin mako. Rukunin 24 yana ɓantaruwa zuwa 2, 3, 2, 2. Na 120 kuwa, da ka ɓantare 2 sai ka ci karo da dunƙule mai motsi 60 wanda ba ya fasuwa ko ta ina. Wannan dunƙule ne ya tare hanya shekaru aru-aru ba wanda ya gan shi.

Tubali da gini

Me ake nufi da ɓantare rukuni? Duba agogon awa 24. Kana iya ɗaukarsa hawa biyu: fuskar awa 12, da tambayar ko kafin tsakar rana ne ko bayanta. Ita 12 ɗin ta rabu zuwa 2 da 6, 6 kuma zuwa 2 da 3. Daga nan ba gaba. Mako kuwa tun farko ba ya rabuwa, domin 7 ba ta da mai raba ta sai 1 da ita kanta. Rukunin da ba ya ɓantaruwa, irin na 2 da 3 da 7 da dunƙulen nan na 60, shi za mu kira tubali. Camille Jordan da Otto Hölder sun tabbatar a ƙarni na 19 cewa duk rukuni mai iyakantaccen yawan motsi da tubala aka gina shi, kuma ta ko'ina ka fara rushe shi, tubala iri ɗaya za ka kwasa.

Daga nan tambayar ta fito da kanta: tubalan nan iri nawa ne? Za a iya rubuta sunayensu kaf, yadda masana sinadarai suka jera sinadaran asali a allo guda?

Dangi 18 da bare 26

Mafi yawan tubalan suna da dangi. Dangi na farko su ne zagaye masu lambar da ba ta rabuwa: 2, 3, 5, 7, 11, har abin da ba iyaka. Na biyu su ne 'yan'uwan dunƙulen Galois: baƙi biyar sun ba da 60, shida 360, bakwai 2,520, haka har gaba. Sauran dangi 16 sun samo asali daga aikin Sophus Lie, wani ɗan Nowe, kan juyi mai santsi irin na ƙwallo, kuma Claude Chevalley ya buɗe hanyar tsara su a 1955. Dangi 18 ke nan, kowanne da ƙa'idar da ke fitar da 'ya'yansa.

Matsalar ita ce akwai waɗanda ba su da dangi. A 1861 da 1873 Émile Mathieu na Faransa ya ci karo da tubala biyar da suka ƙi shiga kowane gida. Ƙaraminsu motsi 7,920 gare shi. Aka ajiye su gefe a matsayin abin mamaki, aka shekara fiye da 90 ba a ga na shida ba. Kwatsam a 1965 Zvonimir Janko, ɗan Kuroshiya da ke aiki a Ostireliya, ya fito da sabo mai motsi 175,560. Hankalin masana ya tashi, domin in akwai na shida, wa ya san ko akwai na dubu? Cikin shekara 10 da suka biyo baya aka yi ta zaƙulo su, John Conway na Kambirij kaɗai ya samo uku a 1968. Da ƙura ta lafa, baren suka tsaya a 26.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Gano sabon tubali abu ne mai wuya, amma tabbatar da cewa babu saura ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Mafarauci yana iya nuna maka naman da ya kamo. Ya rantse cewa dajin ya ƙare kaf, wannan kuma wata magana ce. Kuma dajin rukuni ba shi da iyaka, balle a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sai dai hujja.

Richard Brauer ne ya nuna bakin zaren a 1954. Ya ce a kama kowane tubali ta motsinsa da ke warware kansa in an yi shi sau biyu, irin kifa hatimi. Amma wa ya ce kowane tubali yana da irin wannan motsi? Walter Feit da John Thompson suka amsa a 1963. Suka tabbatar cewa in ka cire dangin farko, duk tubali yawan motsinsa yana rabuwa biyu daidai, wanda hakan ke nufin irin wancan motsi yana cikinsa. Maganar ba ta wuce layi ɗaya ba, hujjarta kuwa shafi 255, ta cinye fitowa guda sukutum ta wata mujallar lissafi ta Amurka. Kafin su, da wuya a ga hujja guda mai irin wannan tsawo. Bayansu, masu ilimin rukuni suka daina jin tsoron tsawo.

A 1972 Daniel Gorenstein ya tsara aikin da ya rage zuwa matakai 16, ya zama kamar sarkin gayya, yana raba wa kowa kunyarsa. Masana a Amurka da Ingila da Jamus da Japan suka duƙufa, wani matashi mai suna Michael Aschbacher ya riƙa gama kunya bayan kunya da saurin da ya ba kowa mamaki. A 1983 Gorenstein ya sanar cewa an kammala.

Ashe da saura. Wani yanki da aka dogara da shi yana cikin wani dogon rubutu da ba a taɓa wallafawa ba, kuma da aka duba sai aka tarar bai cika ba. A lissafi ba a cewa "ai kusan an gama". Aschbacher da Stephen Smith suka koma kan wannan giɓi shekara da shekaru, sai a 2004 suka wallafa cikon a mujalladi biyu, shafi fiye da 1,200. A lokacin Gorenstein ya shekara 12 da rasuwa.

Hujjar da ta warwatsu a ɗaruruwan maƙaloli, wa zai ce ya karance ta duka? Wannan damuwa ce ta sa tun 1994 Richard Lyons da Ronald Solomon suke sake rubuta ta a jere, mujalladi bayan mujalladi, don kada ta bi waɗanda suka gina ta zuwa kabari. A 2012 kuma wata tawaga ƙarƙashin Georges Gonthier ta gama sa kwamfuta ta bi hujjar Feit da Thompson taki-taki, bayan aikin shekara shida, ta same ta daidai.

Dodo

Babban cikin baren 26, masana da kansu suka raɗa masa sunan da ke nufin dodo. Ga yawan motsinsa:

808,017,424,794,512,875,886,459,904,961,710,757,005,754,368,000,000,000

Lamba ce mai gurbi 54, ta fi yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duniyar nan tamu. Bernd Fischer da Robert Griess suka fara hango sawunsa a 1973, kowa a nasa ɓangaren. An san girmansa da halayensa da yawa tun ba a tabbatar yana nan ba. A 1980 Griess ya gina shi da hannu, ba tare da kwamfuta ba. Hatiminmu a shimfiɗe yake juyawa, mai tsawo da faɗi kawai. Ƙwallo tana juyawa a sarari mai fuska uku, har da tudu. Dodo kuwa ba ya samun wurin juyawa sai a sarari mai fuska 196,883.

A 1978 John McKay yana karanta wani abu daga wani reshen lissafi dabam, wanda ya shafi nazarin lambobi, sai ya ga 196,884. Tazarar 1 ce tak. Da farko wasu sun ɗauka gamon katar ne. Amma da aka duba lambobin da ke biye, sai ga su su ma suna fitowa daga lambobin Dodo. Conway da Simon Norton suka rubuta hasashen dangantakar a 1979, suka ba shi suna mai ma'anar shirme, don su kansu abin ya yi musu kama da tatsuniya. Richard Borcherds ya tabbatar da shi a 1992, da kayan aikin da ya aro daga ilimin fiziks, aka ba shi lambar yabo ta Fields a 1998. Me ya sa baren suka zama 26 ba 25 ko 30 ba, wannan har yau babu bayani mai gamsarwa, hujjar dai ta ce haka abin yake.

To, an gama ke nan?

Sanin tubali daban, sanin gini daban. Rukunin hatiminmu tubalansa 2, 2, 2 ne. Agogo mai awa 8 shi ma 2, 2, 2 ne. Amma a ɗaya jeri yana da tasiri, a ɗayan babu. Da waɗannan tubala uku gida biyar ake ginawa. In tubalan 2 suka kai goma, wato rukunai masu motsi 1,024, gidajen sun haura biliyan 49. Masu motsi 2,048 kuwa har yanzu ba a ƙididdige su ba. Yadda ake ɗora tubali kan tubali fage ne da ake kan bincike a cikinsa yau, kuma wannan kaɗai ya isa amsa ga mai tambayar majalisa.

In kuma ya ce to me aka ci, sai a tuna masa cewa a 1891 Fedorov na Rasha ya nuna cewa zanen da ke maimaita kansa a shimfiɗe, irin na atamfa, tsarinsa iri 17 ne kawai, na ƙwayoyin ma'adinai irin gishiri kuma 230, kuma da wannan jeri masana sinadarai ke aiki har gobe. Ɗaya daga cikin baren Mathieu shi ne rukunin daidaiton wata dabarar gyara kuskuren saƙo, wadda kumbunan Voyager suka yi amfani da ita wajen turo hotunan duniyoyin Mushtari da Zuhalu. Mathieu ya rasu a 1890, shekara 13 kafin jirgin sama na farko ya tashi.

Akwai kuma amfanin da ke cikin aljihunka yanzu haka. Duk saƙon da ka tura ta WhatsApp, wayarka da ta abokin hirarka sai sun yi lissafi a cikin wani rukuni kafin su ƙulla makullin da zai rufe shi. Yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yarda da sirri guda alhali kowa na jin su, shi ne zancen babi na gaba. Kafin nan, ɗauki takarda ka fitar da fuskokin hatimin nan takwas da hannunka, domin za mu sake buƙatar su.